Yadda Ake Zaɓen Wurin Sayen Gidan Haya Na Miƙa-Makulli A Amurka

Wata ranar Lahadi bayan La'asar wani kawuna da ya haura shekara 20 yana tuƙin tasi a Bronx ta birnin Niyok ya kira ni, murya cike da zumuɗi. Ya ce, "Ɗana, an turo mini hoton gida a WhatsApp. Ɗaki uku, sabon fenti, sabon kicin, har da ɗan haya a ciki yana biya. Dala 75,000 kacal. Me ka gani?"

Na ce, "Kawu, a wane layi yake?"

Sai ya yi shiru. Sunan garin ya sani, amma unguwa da layi ko a takardar da aka turo masa bai duba ba. Fentin ne ya ɗauke masa hankali.

Irin wannan gida shi ne nake kira na miƙa-makulli. Kamfani ne ke sayen tsohon gida da arha, ya gyara shi, ya sa ɗan haya, ya sayar maka tare da wakilin da zai riƙa karɓar haya yana kula da gyare-gyare. Kai naka ka biya, ka karɓi makulli, kuɗi su riƙa shigo maka duk wata ko da kana wata jiha ko wata ƙasa. Kasuwar ta fi ci a garuruwan tsakiya da kudancin Amurka, irin su Memphis, Cleveland, Indianapolis, Birmingham, Kansas City da Detroit, saboda a can kuɗin da ba zai saya maka ko ɗaki ɗaya a Niyok ba zai saya maka gida sukutum. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne kamfanin ya zaɓi wurin ne saboda a nan ya samu gidan da arha, ba don nan ne ya fi dacewa da kai ba. Don haka zaɓen wuri aikinka ne, kuma kafin ka buɗe hoton kowane gida ake yin sa. Daga jiha ake farawa, a gangaro gari, a gangaro unguwa, a ƙare a layi.

Mataki na farko: ka san me kake nema

Abu biyu gidan haya ke bayarwa: kuɗin da ke shigowa duk wata, da tashin darajar gidan bayan shekaru. Da wuya wuri ɗaya ya ba ka duka biyun a cike. Inda gidaje ke tashi da sauri, farashinsu ya riga ya yi wa haya nisa; inda haya ke da kauri idan aka auna da farashi, gidan kan yi shekara goma bai ƙara wani abin kirki ba. Mai son abin cefane duk wata da mai tara wa 'ya'ya gado ba gari ɗaya za su nufa ba.

Ka kuma yanke ko da tsabar kuɗi za ka saya ko da bashi. Kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 a 2021 zuwa dab da kashi 8 a Oktoban 2023, kuma wannan kaɗai ya kashe lissafin gidaje da yawa. Da yawa daga cikin mutanenmu ma ba sa taɓa bashin ruwa saboda addini, sai dai su tara ko su yi haɗaka, shi ya sa garuruwan masu arha ke jan su.

Mataki na biyu: jiha, wato doka da haraji

A Kano ko Abuja an saba mai gida ya karɓi kuɗin shekara a dunƙule. A Amurka wata-wata ake biya, saboda haka ranar da ɗan haya ya daina biya, dokar jihar ce za ta faɗa maka tsawon lokacin da za ka yi kana ciyar da gidan daga aljihunka. Kuma ba a cire wa mutum ƙofa ko a yanke masa ruwa don ya tashi. Wanda ya gwada haka shi zai kwana a ciki. Sai ta kotu.

Jihohi sun bambanta ƙwarai. A Ohayo da Teksas notis na kwana 3 ake ba wanda bai biya ba kafin a shigar da ƙara, a Indiyana kwana 10, a Niyok kwana 14, kuma a can shari'ar kanta na iya jan watanni. Oregon da Kalifoniya sun kafa dokar ƙayyade ƙarin haya a faɗin jiha a 2019; ta Kalifoniya ba ta yarda ƙari ya wuce kashi 5 da hauhawar farashi ba, kuma duk tsiya kada ya haura kashi 10 a shekara. Ba ina cewa ka nemi inda za ka wulaƙanta talaka ba ne. Mai gida ɗaya tal ba shi da ƙarfin da kamfani mai gida dubu ke da shi na jure wata shida babu haya, abin da nake nufi ke nan.

Kada ka tsaya a dokar jiha, domin gari ma yana da tasa. Cleveland ta jihar Ohayo ta kafa doka a 2019 cewa gidan haya da aka gina kafin 1978 sai ya samu takardar shaidar tsira daga gubar dalma. A 2024 kuma ta ƙara wata da ke tilasta wa mai gidan da ke zaune nesa ya naɗa wakili, mutum takamaimai da ke zaune a yankin, wanda hukuma za ta iya riƙewa idan gidan ya lalace. Wasu ƙananan garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Cleveland Heights da Shaker Heights, sai hukuma ta binciki gida kafin a sayar.

Haraji shi ne inda ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa. Takardar mai sayarwa sau da yawa harajin bara take nunawa, wanda aka yanka kan tsohon gida kafin gyara, ko kan mai gidan da ke zaune a ciki da kansa. Jihohi da dama kuwa sun bambanta mazauni da mai ba da haya:

A Indiyana harajin gidan da mai shi ke zaune ciki an ƙayyade shi a kashi 1 na ƙimar gidan, na haya kuwa kashi 2. A Alabama gidan mazauni ana auna harajinsa kan kashi 10 na darajarsa, na haya kan kashi 20, kodayake harajin jihar gaba ɗaya mai sauƙi ne. A Karolina ta Kudu kashi 4 ne da kashi 6. A Mishigan kuwa abin ninki biyu ne: da zarar gida ya sauya hannu, ƙimar da ake yanka haraji a kanta tana komawa rabin darajar gidan a kasuwa a shekara mai zuwa, sannan gidan da ba mai shi ke ciki ba yana biyan ƙarin harajin makarantu da ya kai dala 18 kan kowace dala 1,000 ta wannan ƙima. Teksas ba ta karɓar harajin albashi, amma tana fanshewa a kan gidaje.

Hanyar bincike mai sauƙi ce. Galibin gundumomi suna da shafin ofishin ƙimanta gidaje a intanet, kyauta. Ka duba adadin harajin da ake yanka wa gidan haya a wannan yanki, ka lissafa shi kan farashin da kai za ka biya, ba kan tsohuwar ƙima ba.

Mataki na uku: gari, wato mutane da aikin yi

Mutane ke biyan haya, ba bango ba. Tambaya ta farko: garin yana cika ne ko yana tsiyayewa? Alƙaluman ƙidaya a buɗe suke. Detroit tana da mutum sama da miliyan 1.8 a 1950. A ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba. Cleveland ta sauko daga kimanin 915,000 zuwa kimanin 373,000 a tsakanin waɗannan shekaru. Gidajen da aka gina wa waɗancan mutane suna nan, shi ne sirrin arhar. Columbus kuwa, a jihar Ohayo ɗin dai, ta tashi daga kimanin 787,000 a 2010 zuwa sama da 905,000 a 2020. A Alabama, Huntsville ta wuce Birmingham a ƙidayar 2020 ta zama birni mafi yawan jama'a a jihar, albarkacin cibiyar NASA da sansanin sojan Redstone.

Amma a yi hattara da waɗannan lambobi. Iyakar birni daban, yankin da ke kewaye da shi daban. Sau da yawa mutanen da suka bar cikin gari ba nisa suka yi ba, bayan gari suka koma. Don haka ka duba lambobi biyu, na birnin da na yankin gaba ɗaya. Idan birni na raguwa amma yankin na tsaye, akwai kasuwa, sai dai ka san gefen da take. Idan duka biyun na raguwa, ka wuce.

Tambaya ta biyu: su wa ke biyan albashi a garin? Ka rubuta manyan masu ɗaukar ma'aikata guda biyar zuwa goma. Memphis tana da kamfanin jigilar kaya na FedEx da babbar tashar jiragen kayansa, da AutoZone, da International Paper, da asibitin yara na St. Jude. Indianapolis tana da kamfanin magunguna na Eli Lilly, da wata babbar tashar FedEx, ga kuma gwamnatin jiha. Birmingham jami'ar UAB da asibitinta ne ƙashin bayanta, Cleveland kuma asibitin Cleveland Clinic. Asibiti da jami'a da gwamnati ba sa tattara kaya su koma wata ƙasa dare ɗaya, shi ya sa nake ba su nauyi fiye da masana'anta.

Garin da ya rataya a wuyan sana'a ɗaya kuwa, tarihi ya isa gargaɗi. A Youngstown, ranar 19 ga Satumba 1977 kamfanin ƙarfe ya sanar da rufe babbar masana'antarsa, dubban mutane suka rasa aiki, garin bai koma yadda yake ba har yau. A Williston ta Dakota ta Arewa haya ta yi tashin gwauron zabo lokacin haƙar mai, da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, hayar ta biyo shi. Akwai kuma akasin haka: Austin gari ne mai cika, amma an yi gine-gine da yawa har haya ta sauka bayan 2022. Saboda haka ka leƙa yawan sabbin gidajen da ake ginawa ma.

Daga wannan mataki ka fito da gari biyu ko uku, kada su wuce haka. Mai bin gari goma ba zai san ko ɗaya ba.

Mataki na huɗu: ka yi lissafin da hannunka

Masu harkar suna da wani ma'auni na gaggawa: hayar wata ta kai kashi 1 cikin 100 na farashin gida. Gidan dala 120,000 ya kawo 1,200 a wata. Rariya ce ta tace gari, ba hukunci ba.

A ce ga gidan nan a Indiyana. Hayar shekara 14,400. Wakili yana ɗaukar kashi 8 zuwa 10, mu sa 1,440. Haraji 2,400. Inshora mu ƙaddara 1,100. A nan takardar mai sayarwa kan tsaya, ta nuna maka saura 9,460, kusan kashi 8 na jarinka. Yanzu ka cire wata ɗaya da gidan zai zauna babu kowa, 1,200. Ka ware kamar 2,100 na gyara da asusun ranar da rufi ko na'urar ɗumama gida za su ce ga garinku nan. Abin da ya rage 6,160, kashi 5 da 'yan kai. Ba laifi ba ne, amma ba shi aka tallata maka ba, kuma idan da bashi a kai, sai ka ga kusan babu abin da ya saura.

Hayar ma kada ka karɓe ta daga bakin mai sayarwa. Ka shiga shafin intanet na Zillow ko Rentometer ka ga nawa gidaje masu ɗaki iri ɗaya ke tafiya a cikin rabin mil, da kwana nawa suke yi kafin a kama. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, tana fitar da ƙiyasin haya na kowane yanki duk shekara. Shi ma ma'auni ne. Idan ɗan hayar da ke ciki yana biyan abin da ya ɗara na maƙwabta da dala 200, ka tambayi dalili, domin wani lokaci an cusa shi ne don takarda ta yi kyau.

Mataki na biyar: unguwa da layi

Nan ne kuɗi ke rayuwa ko su mutu, kuma nan ne na sha nawa dukan. Gidana na farko a wani gari na Ohayo na saye shi ban je ba, cinikin biri a sama. Hotuna tas, lissafi ya ba da kashi 12. Ɗan hayar ya yi wata huɗu ya tashi. Kafin a samu wani, aka shiga da dare aka yanke bututun jan ƙarfe na ƙarƙashin gida, aka tafi da injin sanyaya ɗaki da ke waje. Da na je da kaina sai na ga abin da mai hoto ya kauce wa: gidan dama kango ne, an toshe tagoginsa da katako, na hagu fili ne da ciyawa har gwiwa inda aka rushe wani, fitilar layin a mace. Gidana kaɗai ke sheƙi a wurin kamar amarya a kufai. Titi huɗu daga nan kuwa, layi ne mai tsabta da yara ke hawan keke.

Masu harkar suna raba unguwanni A, B, C da D. Unguwar A ita ce ta masu hali: gida da tsada, haya ba ta biyan farashi. D ita ce irin wadda na faɗa ciki: a takarda ta fi kowacce riba, a zahiri ta fi kowacce cin kuɗi. Mai zama nesa ya tsaya a B ko C mai kyau, unguwar ma'aikatan asibiti, direbobi da masu aikin sito, inda mutum ke shekara uku ko huɗu bai tashi ba. Ka sani babu hukumar da ke raba waɗannan haruffa. Abin da mai sayarwa ya kira B, kai ka ɗauke shi C har sai ka tabbatar.

Ga yadda ake tabbatarwa daga inda kake zaune:

Ka buɗe Google Street View ka yi tafiya a layin daga farko zuwa ƙarshe, da layin baya, da na gaba. Ka ƙirga gidajen da aka toshe da katako da filayen da aka rushe. Ka duba ciyawar ƙofar gidaje, ko an yanke. Ka duba motoci, masu tafiya ne ko waɗanda suka zauna kan bulo. Akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya, ka gwada na da da na yanzu ka ga layin gyaruwa yake ko lalacewa.

Ka koma shafin gunduma ka buɗe gidajen layin ɗaya bayan ɗaya. Idan adireshin da ake aika wa takardar haraji shi ne na gidan, mai shi na ciki. Layin da rabi ko fiye masu gidajen ke zaune a ciki yana da masu tsawatarwa. Layin da duk kamfanoni ne daga Kalifoniya da ƙasashen waje, babu mai share ƙofar wani. A nan kuma za ka ga nawa kamfanin da ke sayar maka ya sayi gidan, da yaushe, da kuma gidajen da ake bin su bashin haraji.

Ka duba taswirar laifuka ta 'yan sandan garin, da matsayin makarantar firamaren da layin ke ƙarƙashinta, domin iyali mai yara makaranta ke zaunar da shi. Ka auna nisa zuwa tashar bas, kantin abinci da manyan wuraren aiki. Kada ka tambayi dillali wane irin mutane ne a unguwar. Dokar adalcin gidaje ta 1968, da gyaran da aka yi mata a 1988, ta hana nuna bambanci kan launi, addini, asali ko samun yara, kuma kai ma za ta hau kanka ranar da ka zama mai gida.

Tambaya ta ƙarshe a nan: idan ka tashi sayarwa, wa zai saya? Ka duba a Redfin ko Zillow gidajen da aka sayar a wata shida da suka wuce. Inda iyalai ke saye su zauna, kana da ƙofar fita. Inda sai 'yan jari irinka, za su taya maka da farashin da ka ƙi ji.

Mataki na shida: ruwa, sanyi da shekarun gini

Ka sa adireshin a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Idan ya faɗa yankin da harafinsa ya fara da A ko V, inshorar ambaliya daban ake saye, kuma banki zai tilasta ta. Fulorida da gaɓar Luwiziyana inshora ta yi tsada sosai saboda guguwa, har wasu kamfanonin suka janye. A Cleveland da Detroit sanyi ne abokin gaba: gidan da ya zauna babu kowa a Janairu ba a kunna ɗumi ba, bututu kan daskare ya fashe. Ka nemi farashin inshora a rubuce kan wannan adireshi kafin ka sa hannu.

Unguwannin arha galibi tsofaffin gini ne, wasu tun kafin 1940. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje a 1978, don haka duk gidan da ya girmi wannan shekara ana zaton akwai shi a ƙarƙashin sabon fentin. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka sa a duba wannan, a kuma zura kyamara a bututun bahaya da ke tafiya titi, domin saiwar bishiya na fasa tsofaffin.

Mataki na bakwai: wakilai, sannan ƙafarka

Kada ka sayi gida a garin da wakilin mai sayarwa ne kaɗai zai iya riƙe maka shi. Ka kira wasu kamfanonin kula da gidaje biyu ko uku da ba su da alaƙa da cinikin, ka ba su adireshin, ka ce, "Za ku karɓi wannan? Nawa zai yi haya?" Idan biyu suka ce ba sa aiki a wannan layi, sun gama yi maka bincike kyauta. Mai duba gini da mai ƙimanta farashi su ma kai za ka ɗauko, kai za ka biya.

Sannan ka je. Tikitin jirgi da kwana biyu a masauki ba su kai kuɗin bututun da aka sace mini ba. Ka zaga layin da safe, ka dawo bayan Isha'i, ka tsaya ka gaisa da duk dattijuwar da ka gani a baranda, ka tambaye ta shekara nawa ta yi a nan da kuma wa ke zaune a gidan kafin a gyara.

Kawu dai mun buɗe layin nasa a waya a daren nan. Gida 22 ne, 7 a toshe, kuma shafin gunduma ya nuna kamfanin ya sayi nasa dala 19,000 wata biyar kafin nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ɗana, duba mini kuɗin jirgin Indianapolis na ranar Juma'a, amma na bayan an sauko daga masallaci."